Ranar da ordinatar kontabul ɗinmu ta ƙi kod, alhali kod ɗin lafiya lau yake

A biro ɗinmu nan Damagaram duk abin da ya hana mutum shiga ordinatarsa suna ɗaya gare shi, "ta ƙi kod". Ko kabul ne ya zare, ko kilabiye ne ya juya, ko sarba ce, wato babbar ordinatar da ke kula da sauran, ta kwana a mace saboda kuran ya ɗauke da dare gurup bai tashi ba, magana ɗaya za a kira ka a faɗa maka: ta ƙi kod, zo ka canza mini. Ni kuwa a abin da nake gani kullum, kod ɗin shi ne wanda ya fi kowa rashin laifi, kuma canza shi da gaggawa sau da yawa ƙara dagula lamarin yake yi.

Ga wanda bai taɓa aiki a wurin da ake da domen ba, wato rukunin ordinatocin da sarba ke kula da su: ordinatocin biro ba su ne ke riƙe da sunayen ma'aikata da kod ɗinsu ba, sarba ce ke riƙe da su, da wani tsari na Microsoft da ake ce ma Active Directory, wanda ya zo tun da Windows 2000. In ka buga sunanka da kod, ordinatar sai ta je ta tambayi sarba, wannan namu ne? Sarba ta ce e, sannan a buɗe maka. Mu muna da ƙaramar sarba a nan cikin wani ɗan ɗaki da ya fi na darekta sanyin kilim, babbar kuma tana Yamai, suna musayar bayanai tsakaninsu. Saboda haka kafin kod ma ya yi wani aiki, sai ordinatar ta gano inda sarba take, sai sarba ta yarda da ita kanta ordinatar, sai agogonsu ya daidaita. Ko ɗaya ya karye ba shiga.

To kontabul ɗinmu, dattijo ne, Alhaji muke ce masa, ya dawo daga misiyon a Gure inda ya yi makonni, cikin zafin nan na watan Afrilu. Da safe ya jona ordinatarsa ta hannu a kabul na biro, ya buga kod, ta ƙi. Ni ina Mirya a lokacin wajen wani aiki, sai ya kira mutanen Yamai, suka canza masa kod ta waya, ya buga ta ƙi, suka sake canza wani, nan ma ta ƙi. Daga nan wani ya ba shi shawarar a kai ta kasuwa a formate ta a huta. Allah ya sa rapor ɗin kuɗi na wata uku yana kan allon ordinatar kuma ba shi da shi a ko'ina, wannan tsoron ne ya sa ya jira ni. Ina sauka daga kabu-kabu ko ruwa ban sha ba ya tare ni a bakin ƙofa.

"Kai yaro, mashin ɗin nan ta haukace, kod uku na ba ta ta ƙi karɓa."

Na ce Alhaji sannu da hanya tukuna, ya Gure, ya zafi. Ya ce zafi ai shi ya bari can ya tarar da wani nan.

Abu na farko da nake dubawa, kar ku yi dariya, kilabiye ne. Mu nan Windows ɗinmu na Faransanci ne, tsarin harufan AZERTY, amma rabin ordinatocin hannu da ke yawo a garin nan daga Kano ko Dubai suka shigo, maɓallansu QWERTY. Ka danna inda aka zana A ta rubuta maka Q, ka danna W ta ba ka Z, M kuma ta koma wani wuri daban, lambobin layin sama sai ka riƙe Shift kafin su fito. Kod kuwa ɗigo-ɗigo yake fitowa, ba ka ganin abin da kake rubutawa. Dabarar ita ce ka je akwatin da ake rubuta suna ka buga harufan kod ɗin a can ka ga me ke fitowa, sannan ka goge, ka kuma duba ƙasan allo ta dama ko FRA aka rubuta ko ENG. Na sa Alhaji ya yi haka ni kuma na juya baya, don ba na son sanin kod ɗin kowa balle na mai riƙe da kuɗi. Ya ce abin da ya danna shi ke fitowa. To ba nan ba ne.

Sai na ce ya matsa in gwada da nawa kont ɗin. Wannan gwajin yana da amfani ƙwarai, saboda ni ban taɓa shiga wannan mashin ɗin da sunana ba, dole ta je ta tambayi sarba. Na buga, ta ɗan yi juyi, sai ta rubuto cewa ba za ta iya shigar da ni ba domin domen ba ya samuwa, in tabbatar tana jone da rezo na ma'aikata. Ka ga ke nan maganar ta tashi daga kan kod ɗin Alhaji, mashin ɗin ce ba ta ganin sarba kwata-kwata, duk canjin da Yamai suka yi a can sarba ya tsaya, ita ba ta ma ji labari ba.

Na ce Alhaji, a Gure da wane kod kuke shiga? Ya ce ai abin mamaki ke nan, wanda ya sa kafin tafiya ya yi aiki kwanakin farko, daga baya ya daina, sai ya gwada tsohon na da can ya ga ya buɗe. Na ce to ku buga wannan tsohon yanzu. Ya kalle ni kamar na raina masa wayo, ya buga, ta buɗe.

Dalili kuwa, Windows tana ajiye alamar kod na waɗanda suka shiga mashin a baya, in ba a taɓa tsarin ba har mutum 10 na ƙarshe, domin mai tafiya ƙauye inda babu sarba ya iya shiga aikinsa. In ta nemi sarba ta rasa sai ta duba wannan ajiyar. Shi ya sa mutum zai yi wata a daji yana shiga lafiya lau. Amma maganar cewa sabon kod ya daina aiki tsoho ya dawo, wannan ta tsaya mini a rai, don kod ba ya komawa baya da kansa. Na ajiye ta gefe tukuna.

Da muka shiga na buɗe baƙin akwatin nan na umarni na rubuta ipconfig /all. Lambar IP, wato adireshin mashin a rezo, lafiya lau, irin ta biro ce da ke farawa da 192.168, ba 169.254 ɗin nan da Windows ke ba kanta in ba ta samu mai raba lamba ba, wanda in ka gan shi ka san kabul ne ko siwic ko shi mai raba lambar. Na yi ping ɗin sarba da lambarta, wato na taɓo ta in ga ko za ta amsa, ta amsa tsaf. Na yi da sunanta, shiru, wai ba a san wannan sunan ba. Na gangara layin DNS, wato wanda mashin ke tambaya ya mayar mata da suna zuwa lamba, sai ga 8.8.8.8 da 8.8.4.4 zaune daram, na Google ke nan.

Wannan lambar ta shiga ran masu gyara a garin nan, duk wanda intanet ɗinsa ya yi nauyi sai a sa masa takwas huɗu a ce an gyara. A gida ko a sibar ba laifi. A mashin ɗin domen kuwa guba ce, saboda ordinata ba ta haddace inda sarba take ba, duk lokacin shiga tambayar DNS take yi, wa ke kula da domen kaza? Akwai wasu rubuce-rubuce na musamman da ake kira SRV, masu farawa da _ldap._tcp, da sarba ke ajiyewa a DNS na cikin gida, su ke nuna hanya. Google bai san da su ba, ina zai sani. Kamar ka tare baƙon da ya sauka tasha yau ka ce ya nuna maka gidan wane cikin lungunan Birni ne. Abin da ke ruɗa mutane shi ne intanet yana aiki sumul, YouTube na buɗewa, WhatsApp na shiga, sai a ce ai rezo lafiya yake. Rezo na waje ne lafiya, na cikin gida an toshe masa baki.

Na ce Alhaji, wa ya taɓa mashin ɗin nan? Ya ce babu kowa. Na yi shiru ina kallon allo. Can ya ce to akwai wani yaro a Gure mai gyaran salula da ordinata, ta yi nauyi ne ta riƙa tsayawa, shofer ya kai shi wajensa, yaron kirki, jikka biyu kawai ya karɓa. Me ya yi mata? Ya ce shi dai ya ga ya mayar da ita baya zuwa wata rana da ta wuce, ta yi ta juyi ta sake tashi, sannan ya gyara mata intanet. Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da ya sani ya yi, kuma a mashin ɗin gida da ya yi daidai. Laifin na wanda ya bar wa kontabul ikon administrata a kan mashin ɗinsa ne, tun kafin zuwana aka yi haka, kuma duk lokacin da na ɗaga maganar sai a ce a bari sai an gama rapor.

Na mayar da DNS ya riƙa karɓa da kansa daga rezo, na rubuta ipconfig /flushdns, sannan nltest /dsgetdc: da sunan domen ɗinmu. Nan take ta kawo sunan sarbarmu da lambarta. Alhaji ya ce shi ke nan? Na ce mu gani dai. Muka fita daga kont ɗin, ya buga sabon kod na ƙarshe da Yamai suka ba shi, sai ga wani rubutu daban:

"La relation d'approbation entre cette station de travail et le domaine principal a échoué." Wato amanar da ke tsakanin mashin ɗin da domen ta karye.

Ya ce innalillahi, ka ƙara ɓata ta, da ko tsohon yana buɗewa. Gaskiyarsa, yanzu ko tsohon ba ya buɗewa, tunda ta ga sarba ta daina duba ajiyarta. Amma ni daɗi na ji, don wannan rubutun na san shi, kuma ya haɗu da maganar da na ajiye gefe.

Abin da yawancin ma'aikata ba su sani ba shi ne ita ma ordinatar tana da nata kont a cikin domen, da nata kod na sirri wanda ba mutum ke buga shi ba, dogo ne, ita da sarba kawai suka san shi. Kuma tana canza shi da kanta duk kwana 30. Mutane na cewa in mashin ta daɗe ba ta zo biro ba wannan kod ɗin yana mutuwa, ba haka ba ne. Ordinatar ce ke neman canjin, ba sarba ce ke tilasta mata ba, in ta yi wata shida a kabad ta dawo da wanda ta tafi da shi za a karɓe ta, sai dai in wani mai kula da sarba ya share kont ɗinta yana sharar tsofaffin mashina. Abin da ke karya amanar shi ne a mayar da mashin baya zuwa ranar da ta gabaci canjin, ko a yi wa wata mashin suna iri ɗaya da nata a ɗaura ta a domen. Ta Alhaji ta canza kod ɗinta dab da tafiya, shi ma ya canza nasa a wannan makon, sai yaron Gure ya mayar da ita ranar da ta gabaci duka biyun. Ta dawo da tsohon kod na mashin, ta dawo da tsohuwar ajiyar kod ɗin Alhaji. Sarba kuma ta ce ban san ki ba.

Yanzu ya za a shiga a gyara tunda ta ƙi kowa? Hanya biyu ce. Ko ka shiga da administrata na cikin mashin ɗin kanta, ka rubuta ɗigo da karkataccen layi kafin suna, .\ ke nan, wanda a AZERTY sai ka riƙe AltGr ka danna 8 kafin layin ya fito, na sha ganin masu gyara suna neman sa har gumi. Ko kuma ka zare kabul ka kashe wifi, ta rasa sarba, ta koma ajiyarta. Na biyun na bi don ya fi sauri. Na zare, Alhaji ya buga tsohon kod, ta buɗe, na buɗe PowerShell, wani akwatin umarni, da ikon administrata tun kabul yana zare, saboda in ka jona tukuna tambayar izinin ma tana iya ƙi, sannan na mayar da kabul. Kafin in taɓa komai na kwafe dosiyen rapor ɗin nan zuwa kile, na miƙa masa a hannu. Daga nan ne ya sake ya aika a kawo shayi.

Al'adata ce ba na gyara amanar mashin sai na duba agogo. Tsarin tantancewar da domen ke amfani da shi, Kerberos, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka, yana sa lokaci a cikin takardar izinin da yake bayarwa don kar wani ya sace ta ya sake amfani da ita daga baya, kuma tazarar da yake yafewa tsakanin mashin da sarba minti 5 ce in ba a canza ba. A manyan ordinatocin tebur yawanci ɗan pil ɗin nan mai kamar kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, shi ke mutuwa, kuran na ɗaukewa mashin ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Ta Alhaji kuwa na kalli ƙasan allo na kalli salulata, daidai suke har minti. Da na wuce. Sai dai na ce bari in tambayi sarba da kanta, na rubuta w32tm /stripchart /computer: da sunan sarba. Layuka suka fara zubowa, kowanne yana nuna tazarar daƙiƙa wajen 3600. Awa guda cur.

Na buɗe wurin yankin lokaci, sai ga shi an zaɓi na Bruxelles, Copenhague, Madrid, Paris. Wannan tarko ne da ke kama mu mu masu Windows na Faransanci. In ana sa Windows ɗin shi yake zaɓo Paris da kansa, mai sawa ya duba ya ga an rubuta UTC+01:00, ya ce ai namu ke nan, ya wuce. Kuma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris gaskiya ne, lokacinmu ɗaya da Faransa. Amma ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris su suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, mu Nijar ba ma yi. Alhaji yana Gure ya wayi gari ya ga mashin na cewa ƙarfe tara alhali takwas ne, ya sa hannu ya mayar da ita baya. A ido ta yi daidai. Amma mashina ba da agogon da ke kan allo suke magana da juna ba, da lokacin UTC suke yi, wato ma'aunin lokaci ɗaya na duk duniya, ita kuma tana lissafin cewa Paris take, sai ta cire awa biyu maimakon ɗaya. Da bai taɓa ba ma da lafiya lau ne a wajen sarba, shi ne kawai zai riƙa ganin awa ɗaya a gaba. A ƙa'ida mashin ɗin domen tana karɓar lokaci daga sarba ta gyara kanta, amma wannan ma sai da amanar mashin, ita kuwa ta karye, w32tm /resync da na gwada bai yi komai ba. Na canza yankin zuwa Afrique centrale - Ouest, na saita awa da hannu, na sake tambayar sarba, tazarar ta dawo ƴan daƙiƙu.

Sauran mai sauƙi ne. Umarnin da ke gwada amanar, Test-ComputerSecureChannel, ta ce False. Na ƙara mata -Repair -Credential da kont ɗina mai iko a domen, ta yi ɗan shiru ta ce True. Na sake tambayarta ba tare da ƙarin ba, True. Da yawa abin da suke yi shi ne su fitar da mashin daga domen zuwa workgroup su sake ɗaura ta, yana aiki, amma sai an kashe an kunna sau biyu, kuma wanda ya fitar da ita bai san kod ɗin administrata na ciki ba ya kulle kansa a waje, na taɓa karɓar irin wannan daga wani biro a Matamaye, ba daɗi. Formatewa kuwa, don Allah. Za ta yi aiki mana, kamar yadda za ta tafi da rapor da duk abin da mutum ya tara.

Na kashe na kunna, kabul a jone. Na gwada da kont ɗina, ta buɗe. Na ce Alhaji bismillah, na ƙarshen da Yamai suka ba ku. Ya gyara tabarau ya buga da yatsa ɗaya a hankali. Ta ce kont ɗin a kulle yake.

Wannan ban yi mamaki ba, mutum ya wuni yana buga kod iri-iri. Na shiga sarba na cire kullen, ya shiga, ta sa shi ya zaɓi sabon kod nasa na kansa, faifan rezo na kontabilite ya dawo, ya buga takarda ɗaya a imprimanti don ya tabbatar. Ya sa mini albarka har da iyayena. Na koma teburina. Ba a yi sallar la'asar ba ya leƙo, ta sake kullewa, kuma ya rantse ko kusa da kilabiye bai je ba, alwala ya tafi.

Na yarda da shi. A Active Directory in ba a taɓa ba babu kullewa sam, ma'aikata ce ke sa adadin kuskuren da za a yafe, mu a wurinmu biyar ne. In kont yana kulluwa mai shi bai buga komai ba, to wani abu ne a wani wuri yake ta bugawa a madadinsa. Na buɗe littafin abubuwan tsaro na sarba na nemi lamba 4740, wadda ake rubutawa duk lokacin da aka kulle kont, a ciki akwai layin da ke faɗin daga wace mashin kuskuren ya fito. Ba sunan ordinatar Alhaji na gani ba, sarbar da ke tantance masu shiga wifi ce. Wifi ɗin biro ba kod ɗaya na kowa da kowa gare shi ba, kowa da sunansa da kod ɗinsa na domen yake shiga. Na bi can na duba lamba 6273, wato waɗanda aka hana shiga, sai ga sunan Alhaji jere reras, duk daga na'ura ɗaya, da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar na'urar a rezo. Na ce Alhaji ku ara mini salularku. Lambar ta yi daidai. Tana aljihun babbar rigarsa tun safe, duk ƴan mintoci sai ta gwada shiga wifi da kod ɗin da ya sa mata kafin tafiya.

A nan ne canjin Yamai ya yi ɓarnarsa. Windows tana da ɗan sassauci, in abin da aka buga ɗaya ne daga cikin kod biyu na baya-bayan nan, tana ƙin sa amma ba ta ƙirga shi cikin kuskuren da ke kai ga kullewa, don ta san salula da makamantansu sukan makara. Da ba a taɓa kod ɗinsa da safe ba, salular ma da shiga za ta yi abinta. Da sau ɗaya aka canza, da an yafe mata. Amma an canza, an sake, shi ma ya zaɓi nasa, wanda ke cikin salular ya zama tsohon da ya wuce yafiya. Na sa ta manta da wifi ɗin, ya shigar da sabo, muka gyara na akwatin mel ɗin da ke cikinta shi ma. Na koma ordinatar na buɗe Gestionnaire d'identification na share tsofaffin kod da aka ajiye na faifan rezo da imprimanti, don su ma suna yin irin wannan aika-aikar. Na cire kullen, na zauna ina kallon littafin sarba har aka tashi aiki, ba wani 4740 da ya sake fitowa.

Washegari na zaga sauran ordinatocin hannu na biro ina duba yankin lokaci, na samu wasu a kan Paris, masu su sun saba da ganin awa ɗaya a gaba rabin shekara suna cewa mashin ɗin ce haka take. Na gyara su da tzutil /s "W. Central Africa Standard Time", na kuma rubuta wa Yamai cewa a sa wannan cikin tsarin da ake bi in ana shirya sabuwar mashin, sannan in mutum ya kira ya ce ta ƙi kod a fara tambayarsa me aka rubuta a allo, ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp, kafin a taɓa kont ɗinsa.

Maganar cire wa Alhaji ikon administrata kuwa mun kai ta gaban darekta. Shi hujjarsa, kuma ba banza ba ce, in yana Gure ko Tanut ya tarar da imprimanti baƙuwa dole ya sa mata direba, ni kuma ina Damagaram, rezo na salula a wasu wuraren sai ka hau tudu. Ni na ce a ba shi wani kont daban na cikin mashin mai wannan ikon, kod ɗin yana wajena, in ya buƙata ya kira in faɗa masa in canza shi bayan ya dawo. Darekta ya ce shawara ce mai kyau, a bari sai an gama rapor.